Yadda za ki fara da abin da ke cikin ɗakinki

Shekarar da maigidana ya rasa aiki, abin da na mallaka mudu uku ne na gyada da surukata ta aiko daga ƙauye, sai turmi da kaskon suya. Wata biyu na yi ina roƙon Ubangiji ya ba ni jari mai kauri in kama shago a kasuwar Kafanchan, gyadar kuwa tana jingine a bayan ƙofa. Wata rana a taron Zumuntar Mata aka karanta mana 2 Sarakuna 4, labarin gwauruwar da mai binta bashi zai kwashe 'ya'yanta biyu. Annabi Elisha bai ba ta ko sisi ba. Tambayarta ya yi abin da take da shi a gida, ta ce ba komai sai ɗan mai a kwalba. Ina komawa gida na kunce buhun gyadar.

To 'yar'uwa, daga nan za ki fara. Zauna ki lissafa abin da ke hannunki yau: keken ɗinkin da ya yi ƙura, kaji biyu, iya kitso, ɗan fili a bayan gida. Zaɓi guda ɗaya, wanda kika iya kuma maƙwabtanki suke saye kullum. Ni man gyada da ƙuli-ƙuli na zaɓa, don tun ina yarinya na iya. A soya gyada, a murje, a sheƙe ɓawon, a kai inji, a dawo ana zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa har mai ya taso. Tunkuzar da ta rage a mulmula a soya. Babu abin da ake zubarwa, ko ɓawon awaki na ci.

Abin da ya fi aikin wuya shi ne kunya. Ina da takardar koyarwa, ga ni da faranti a ƙofar gida. Ranar farko da wata abokiyar karatuna ta wuce, na ji kamar in shige ƙasa. Zakariya 4:10 ce ta riƙe ni, inda Ubangiji yake tambaya wa ya rena ranar ƙananan abubuwa. Ki san lokacin da aka faɗi maganar nan. Mutanen Yahuza sun dawo daga bautar Babila, Zarubabel ya kafa harsashin Haikali, tsofaffin da suka ga na Sulemanu suka fashe da kuka, kamar yadda Ezra 3:12 ya faɗa. Aikin ya tsaya shekara da shekaru, amma aka ƙare shi a shekara ta shida ta mulkin Dariyus. Duk safiya kafin in fitar da faranti sai na karanta ayar.

Yanzu maganar kuɗi, kuma a nan mata da yawa suke faɗuwa. Ki raba uwar kuɗi da riba tun ranar farko. Gwangwani uku na ajiye: na sayen gyada, na zakka, na cefane. Na farkon ba a taɓa shi, ko baƙi sun sauka, ko ana ankon biki. Zakkar daga riba ake cirewa, komai ƙanƙantarta, kada ki ce sai ta yi yawa. Yesu ya faɗa a Luka 16:10 cewa mai aminci a ƙaramin abu shi ne mai aminci a babba, kuma na gani da idona, wadda ba ta iya riƙe ɗari biyar ba, in an ba ta dubu hamsin ma zubewa za su yi. Ki sayi ɗan littafi ki rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita kowane dare. Bashi kuwa, ki yi hankali da shi har da 'yan'uwa a ikilisiya. Na taɓa ba da galan guda da sunan zumunci, har yau shiru. In kina so ki taimaki wata, ki ba ta kyauta daga ribarki da zuciya ɗaya, kada ki ba ta jarinki.

Kada ki ci bashi mai ruwa don ki yi girma da wuri. Ki lura, gwauruwar nan tuluna ta aro, ba kuɗi ba, kuma da man ya ƙaru bashi ta fara biya kafin ta ci sauran. Ki shiga adashe da mata amintattu, zubin da ba zai hana ki barci ba. Kwasata ta farko na sayi rabin buhu lokacin kaka, sa'ad da gyada take da araha. Ƙarin kaya sai masu saye sun fara zuwa suna tarar ya ƙare. Guntun gatarinki ya fi sari ki ba ni.

Za a yi ranakun da ba ciniki, za a yi ranar da mai zai ƙi fita. Irin ranakun nan nakan tuna tushen ikilisiyarmu ta ECWA. Samari uku 'yan mishan ne suka sauka Legas a 1893: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Biyu suka mutu a 1894, Bingham ya koma gida da ciwo. Sai a zuwa na uku aka kafa tashar mishan a Patigi, a 1902. Shekara tara kafin su sami wurin tsayawa, ni kuma mako guda na rashin ciniki yake so ya karya mini zuciya.

Ki nemi mace ɗaya da ta riga ki a sana'ar, ki durƙusa ki ce, "Mama, ki koya mini." Tawa ita ta nuna mini cewa ruwan da nake zubawa ya yi yawa, shi ya sa man yake ƙin fita. Ki je mata da littafinki duk ƙarshen wata ta duba, ku yi addu'a tare, ki dawo ki auna gyadar gobe.