Kafin ka biya kuɗin jif a Gombe, ga abin da nake dubawa

Highlander ta 2010 nake hawa, mai fulogi shida, kuma da ita nake zirga-zirgar kasuwanci tsakanin Gombe, Bauchi da Yola. Saboda haka duk wanda ya tara ɗan kuɗi a cikin danginmu yana son jif matsakaiciya, ni yake fara kira. Tambayar da nake soma yi masa ita ce ina zai riƙa zuwa da ita. In amsar ita ce makarantar yara, ofis, sai ɗaurin aure a Kumo ko Bajoga ranar Asabar, to Toyota Highlander ko Honda Pilot ko Lexus RX 350 sun wadatar. Amma in gona gare ka a bayan Dukku, kana tsallaka rafi da damina, ka sake shawara. Highlander a kan ginin Camry aka yi ta, aka ɗaga ta sama, ba ta da giyar ƙarfi ta shiga taɓo irin ta Prado ko Hilux. Tana haye zaizayar layukan unguwa da ramukan hanya ba tare da ƙasanta ya goga ba, iyakar jarumtarta ke nan.

Sai maganar mai. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, mai fulogi shida ta zama sai wanda ya shirya. Tankin tawa na cin lita 72 da ɗan ɗoriya. A doguwar hanya, in na tafi a hankali, wajen lita 10 zuwa 11 take sha a kowane kilomita 100, a cikin gari kuwa da esi a kunne takan kai 14 ko ma ta wuce. Ka yi wannan lissafin da farashin litar yau kafin ka je wurin dillali. Akwai Highlander mai fulogi huɗu, injin lita 2.7, da ta fara fitowa a 2009. Ta fi sauƙin mai kaɗan, amma in ka cika ta da iyali da kaya a but za ka ji tana nishi a hawa, ga ta kuma ba ta da yawa a kasuwa.

A zaɓin samfuri ba na ɓoye ra'ayina: a garin nan Toyota ce ta fi kwanciyar hankali, domin kowane gareji akwai wanda ya san cikinta, kayan gyaranta kuma in babu a Gombe, kafin gobe an saka maka su a motar haya daga Kano. Highlander ta farko, 2001 zuwa 2007, in mai fulogi shida ce da bel take aiki, kuma ana canza taimin bel ɗin wajen mil 90,000. Ka tambayi mai ita yaushe ya canza. In ya fara kame-kame, ka sa kuɗin canjin a cikin ciniki. Ta 2008 zuwa 2013 injin lita 3.5 gare ta mai sarƙa, babu wannan ɗawainiyar. Honda Pilot ta fi faɗi a ciki, kujerun bayanta na uku sun fi ɗaukar mutum, sai dai ita ma bel ce, kuma na farko-farkonta, 2003 da 2004, sun yi suna wajen ciwon giya. RX 350 injinta ɗaya da Highlander, ƙarin kuɗin na kwalliya da laushi ne. Wadda nake kaffa-kaffa da ita ita ce Nissan Murano da Pathfinder ta 2013 zuwa sama, saboda giyarsu ta CVT, wato giyar otomatik marar matakai. Motoci ne masu daɗin tuƙi, amma in giyar ta mutu, mai gyara ta da kyau a yankinmu sai an tona.

Yanzu ranar dubawa, wadda ita ce komai. Ka je da sassafe, da bakanikenka na kanka, wanda ba dillalin ne ya haɗa ku ba. Ka gaya musu tun daren jiya kada a tayar da motar sai ka iso. Da zuwanka ka buɗe bonet ka ɗora hannu a kan injin; in da ɗumi, an riga an ɗumama ta, kuma akwai dalili. Injin da ya kwana shi ke faɗin gaskiya: ƙarar farko, hayaƙin farko daga salansa, rawar da yake yi kafin ya daidaita. Shuɗin hayaƙi alama ce tana shan baƙin mai. Farin hayaƙi mai kauri da bai ɗaukewa kuwa, ka zargi gasket ɗin kan injin.

Kafin a tayar, ka murɗa makulli zuwa inda fitilun gaban direba ke kamawa duka. Ka tabbata fitilar injin, ta birkin ABS da ta jakar iska sun kama, sannan su mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ƙwanta ko an rufe ta da baƙin tef daga ciki. Dubu kaɗan da za ka ba mai kwamfuta ya sa mata na'ura ya fi maka duk rantsuwar dillali.

Buɗe murfin baƙin mai ka leƙa da tocila. In ka ga daskararren baƙin abu manne a ciki kamar kwalta, mai motar ba ya juye a kan lokaci, kuma tsofaffin injinan Toyota lita 3.0 ba sa yafe wannan. Sai lagireto, yana sanyi. Ruwan Toyota ja ne ko ruwan hoda. In ka tarar da ruwan rijiya mai launin tsatsa, ka san yadda aka riƙe ta. Nan ne ma nake da ƙorafi a kan wasu bakanikanmu: da mota ta iso daga Amurka sai a cire mata tamostat, wato abin da ke daidaita zafin injin, a haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi. Injin ba zai taɓa kai zafin da aka tsara masa ba, zai ƙara shan mai, ga fankar tana gajiya a banza. Ka tambaya ko an yi mata haka. A injin lita 3.5 ka duba gefen famfon ruwa, in akwai busasshen abu mai ruwan hoda to ya fara yoyo. Na farko-farkon samfurin kuma suna da wani bututun baƙin mai mai guntun roba a tsakiya wanda yakan fashe ya zubar da man duka cikin mintuna. Kamfanin ya maye shi da na ƙarfe zalla. Bakaniken da ya san motar zai nuna maka wanda ke jikinta.

A ɗaga ta ko a shiga rami a duba ƙasanta. Abu uku nake nema: yoyon man giya, tsatsar da ta ci ƙarfe, da indomi, wato abin tace hayaƙi da ke jikin salansa. Masu sayarwa da yawa sukan cire indomin su sayar daban, su liƙa bututu a wurin, sabon walda a jikin salansa shi ke tona su. Sannan ka ɗaga kafet ɗin ƙasan kujera ka shinshina, ka ja bel ɗin kujera har ƙarshensa. Laka a lungu, tsatsa a ƙafar kujera, ko layin datti a jikin bel, alamar motar da ambaliya ta ci ce a can ƙasar waje aka yi gwanjonta. Irin wannan ko kyauta aka ba ka, kai da rewaya kun ƙulla zumunci. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 tana ƙasan gilashin gaba da jikin ƙofar direba. Ka tabbata iri ɗaya ce da ta takarda, ka kuma sa yaro ya bincika maka ita a intanet. Sau da yawa hoton motar a filin gwanjo zai fito, da gabanta a murƙushe da ainihin milejinta. Ka tuna ta Amurka da mil take ƙirga, mil 150,000 ya haura kilomita 240,000.

Gwajin tuƙi kada ya tsaya a zagayen layi. Ka fita da ita hanyar Bauchi, ka hau hawan nan na wajen Tumfure da esi a kunne da mutane a ciki. Giya lafiyayya tana shiga ba fizga, ba kuma injin ya yi ta ihu motar ba ta ƙara gudu ba. Idonka na kan allurar zafi. A dawowa, gangaren zai gwada maka birki: in sitiyari na karkarwa a hannunka, faifan birki ya karkace, wannan ƙaramin gyara ne amma abin rage farashi ne.

Takardu kuwa ba na sassauci. Balijiyam ce ko ta hannu, ka karɓi takardun duti na asali ka kai ofishin kwastan a tantance kafin ka biya, domin a farkon 2017 an hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma wadda takardunta ba su cika ba za a iya karɓe ta a hanya ko shekara nawa ta yi a hannunka. In ta hannu ce, ka ga mai ita ido da ido, sunansa ya dace da na takardar mallaka, a rubuta yarjejeniya da shaidu, a yi canjin suna. La'adar dillali a yanke ta tun farko, a san wa zai biya. Kada ka ba da kafin alƙalami sai bakanike ya gama.

Kada kuma ka ƙarar da kuɗinka kaf a kan saye. Makon farko akwai juyen baƙin mai da filta, ruwan lagireto na gaske, man birki, da man giya irin wanda aka rubuta mata: T-IV ga Highlander ta farko, WS ga ta 2008 zuwa sama, ba duk jan man da aka miƙo maka ba. In mai ja da ƙafa huɗu ce, akwai man difaransha na baya da mutane ke mantawa da shi, kuma tayoyinta huɗu su zama girma ɗaya. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Tayar da ta haura shekara biyar ko shida, ko zanenta na nan fes, ba na hawa hanyar Numan da ita a zafin watan Afrilu.