Kurakuran biza da ke ɓata wa mutane dogon zama a ƙasar waje

Da yawa daga cikin waɗanda zamansu ya lalace a ƙasar waje ba ta ɓarauniyar hanya suka shiga ba. Da biza mai kyau suka sauka a filin jirgi, jami'in shige da fice ya buga musu hatimi, suka wuce. Abin da ke kayar da su daga baya shi ne rashin sanin sharuɗɗan takardar da ke hannunsu, musamman lissafin kwanaki.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar ranar ƙarewar biza a matsayin ranar da za a bar ƙasa. A Amurka mutum na iya samun bizar ziyara ta shekaru, amma ita bizar izinin zuwa bakin ƙofa ce kawai. Jami'in da ya tarbe ka shi ke yanke tsawon zamanka, yawanci wata 6, kuma ranar tana cikin takardar I-94 da ake dubawa a intanet. Wanda ya zarce ranar ko da kwana ɗaya ne, bizarsa ta mutu. Idan ya wuce da fiye da kwana 180 sannan ya fita, za a hana shi komawa na shekara 3; idan ya kai shekara guda, hanin na shekara 10 ne. Saboda haka da zarar ka sauka, duba ranar da aka ba ka, ka rubuta ta inda idonka zai riƙa ganinta.

A yankin Shengen na Turai lissafin ya fi rikita mutane. Ƙa'idar ita ce kwana 90 a cikin kowane kwana 180, kuma ƙasashe 29 ne ake ƙirga su kamar ƙasa ɗaya. Wanda ya tashi daga Faransa ya koma Jamus bai fita ba. Ga yadda ake faɗawa ramin: mutum ya cika kwana 90 a Italiya, ya tafi Turkiyya ya yi mako guda, ya dawo yana zaton lissafi ya koma farko. Bai koma ba. A kowace rana ana waiwayawa baya kwana 180 a ƙirga nawa ka yi a ciki, har da ranar shiga da ranar fita. Wanda ya cinye 90 ɗinsa a jere sai ya yi wasu 90 a waje. Da can wasu na tsira saboda jami'i bai tsaya bin hatimai ɗaya bayan ɗaya ba, amma tun Oktoban 2025 aka fara ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu a iyakokin yankin, kwamfuta ce ke ƙirgawa. Mai son zama mai tsawo bizar dogon zama ta ƙasar da zai zauna ya kamata ya nema, wadda ake kira nau'in D, kuma galibi daga ƙasarsa ake nemanta, kafin tafiya.

Wannan ya kawo mu ga masu cewa “bari in shiga tukuna, in ya so a gyara a can”. Ƙasashe da dama ba sa barin a mayar da bizar ziyara ta koma ta aiki daga ciki. A Birtaniya sai an fita. Bizar Umara ma ba ta halatta aiki ba, kuma wanda ya maƙale bayan wa'adinta tara da tsarewa da kora ke jiransa. Har mai aiki da kwamfuta daga nesa, wanda albashinsa daga wata ƙasa ke zuwa, bai kamata ya ɗauka bizar yawon buɗe ido ta ishe shi ba. Don irinsu ne Estoniya ta fito da biza ta musamman a 2020, Fotugal a 2022, Sifaniya a 2023, kuma duk sai ka nuna shaidar kuɗin shiga. Ɗalibai kuma suna da iyakar awanni: mai karatun digiri a Birtaniya awa 20 a mako aka yarje masa lokacin zangon karatu.

Wurin da ya fi cancantar a tsaya a kai shi ne bizar da ke ɗaure da mai ɗaukar aiki. Mutum ya ga an rubuta shekara uku a takardarsa, sai ya saki jiki. Ranar da aikin ya ƙare, shekara ukun nan ta zama labari. A Birtaniya akan rage izinin zuwa kwana 60. Mai bizar aiki ta H-1B a Amurka shi ma kwana 60 ne iyakarsa ya samu sabon wuri ko ya tattara kayansa. Wata biyu ba komai ba ne wajen neman kamfanin da zai ɗauki nauyin baƙo, don haka kada a ajiye aiki cikin fushi kafin a riƙe wani, kuma a ajiye kuɗin jirgin komawa gefe guda.

A ƙasashen Larabawa na yankin Gulf abin ya fi tsanani saboda tsarin kafili, wanda ke ɗaure zaman ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki. Sabunta iƙama, wato katin izinin zama, a Saudiyya nauyin mai ɗaukar aiki ne, amma idan ya yi sakaci kai ne za a tare a hanya. Kada ka dogara da “an kusa gamawa”. Shiga Absher, manhajar gwamnatin Saudiyya, ka ga ranar da idonka. Gyaran da aka yi wa dokar ƙwadago a 2021 ya sauƙaƙa wa ma'aikatan kamfanoni sauya wurin aiki, sai dai bai haɗa da masu aikin gida ba. Tserewa daga wurin aiki ba tare da kai ƙara ga hukumar ƙwadago ba na jawo a rubuta ka cikin waɗanda suka gudu, daga nan kuwa mai gaskiya ya koma mai laifi. Fasfonka ma ya zauna a hannunka, domin doka ba ta ba mai ɗaukar aiki ikon riƙe shi ba.

Sai maganar ejan. Neman taimako wajen cike takardu ba laifi ba ne, amma sa hannun naka ne, laifin ma naka ne. Wasu na ƙara takardar banki ta bogi, ko su amsa “a'a” a inda aka tambaya ko an taɓa hana ka biza, alhali an taɓa. Ramin ƙarya ƙurarre ne: Birtaniya na iya hana mutum shiga na shekara 10 saboda yaudara, a Amurka kuwa hanin na iya zama na har abada. Hana biza sau ɗaya ba ya rufe ƙofa, ɓoye shi ne ke rufewa. Karanta kowane layi kafin a tura, ka riƙe kwafi.

Akwai kuma kuskuren da ke kama waɗanda suka riga suka samu izinin zama: daɗewa a waje. Mutum ya tafi ganin gida, hidima ta riƙe shi, ya dawo ya tarar takardarsa ta faɗi. A Jamus izinin zama kan mutu idan aka wuce wata 6 a waje ba tare da izini ba. Haka yake a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ban da masu bizar zinare ta shekara 10. Mai neman zaman dindindin a Birtaniya ta hanyar aiki kada ya wuce kwana 180 a waje cikin kowane wata 12, kuma bayan ya samu, shekara 2 a jere a waje na soke shi. Mai koren kati na Amurka, wato katin zaman dindindin, da zai yi sama da shekara a waje sai ya nemi takardar izinin komawa tun bai fita ba.

Sauran ƙanana ne amma suna cizo. Ƙasashe da yawa na son fasfo ya kasance da sauran wata 6. Izinin mata da yara a jikin naka yake rataye, idan naka ya faɗi nasu ya faɗi, kuma yaron da ya kai shekara 18, ko 21 a Amurka, yakan buƙaci nasa. Wanda ya zauna kwana 183 a shekara, ƙasashe da dama na ɗaukarsa mai biyan harajinsu, ko wace irin biza yake riƙe da ita. Dokokin kuma ba sa zama wuri ɗaya: tun Janairun 2024 yawancin ɗalibai ba sa iya kai iyalansu Birtaniya, abin da ya yiwu ga waɗanda suka je kafin nan. Shawarar wanda ya riga ka zuwa da shekara biyu na iya zama tsohon zance, sai ka gwada ta da abin da ke shafin hukumar shige da fice ta ƙasar a ranar da za ka nema.