Esi mai taya: kurakuran fitar da mesa ta taga da yadda ake gyara su

Da bazara ta kankama a Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40, kuma a lokacin ne masu zaman haya da yawa, daga Mabera zuwa Arkilla da Runjin Sambo, ke komawa ga esi mai taya, wato na'urar sanyaya ɗaki da ake turawa a ƙasa, tunda ba kowane mai gida ke yarda a fasa masa bango ba. Kwana biyu sai ka ji ana cewa, "Abin nan ƙara kawai ya iya, babu sanyi." Sau da yawa injin lafiyarsa lau. A mesa da taga matsalar take.

Aikin esi kwasar zafi ne. Yana ɗebe zafin ɗaki, ya haɗa da na kwampuresonsa, wato injin da ke matse gas ɗin sanyi, ya tura waje ta faffaɗar mesar nan da ke bayansa. Duk kafar da zafin ya samu ya dawo, kuɗin wuta da na mai sun tafi a banza.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a zura mesar ta taga a bar sauran tagar a buɗe, ko a cusa zani a gefe a ce an toshe. Iskar da ke fita ta fi ta waje zafi, kuma nan take take juyowa ta shigo. Allon robar da ke zuwa cikin kwalin esin an yi shi ne don taga mai zamewa, irin ta alminiyon. Idan irinta gare ka, ka huta: sa allon, jawo gilashin ya matse shi, ka bi gefuna da soso mai gam. Kada ka manta da ratar da ke buɗewa a tsakiya, inda gilasai biyun suka hau juna. Ta nan zafi da sauro ke shiga, mutane kuwa ba su cika duba wajen ba.

Tagar luba ita ce mai ba da wahala. Cire gilashi biyu ko uku na ƙasa, ka kira kafinta ya yanka falanki daidai gurbin, ya huda rami daidai bakin mesar. Faɗin mesa yakan kasance santimita 13 zuwa 15, don haka a kai masa bakin robar ya auna da kansa, kada a yi kintace. Sauran gilasan a rufe su ruf, a bi tsakaninsu da salatif mai faɗi, domin luba ko a rufe take iska na ratsa ta. A ajiye gilasan da aka cire don ranar tashi daga gidan. Taga mai buɗewa kamar ƙofa kuma, ko dai a cire gilashi ɗaya a sa allo a madadinsa, ko a sayi ƙyallen nan mai zif da ake mannawa. Ni dai na fi yarda da allo, don ranar Sakkwato ba ta barin gam ya daɗe. Kwali ma haka: ruwan farko na damina zai gama da shi.

Sai sandunan ƙarfe na taga. Idan mesar ta ƙi wucewa, wasu sai su matse ta da ƙarfi har ta lanƙwashe. Wannan shaƙe injin ne. A yi amfani da bakin nan mai faɗi da sirara da ke zuwa tare da shi, ya tsaya tsakanin sanduna biyu. In abin ya faskara, a nemi izinin mai gida, mai walda ya gyara gurbi ɗaya. Ragar sauro da ke gaban bakin ma tana rage gudun iska, musamman in ƙura ta like ta. A riƙa goge ta da buroshi.

Tsawon mesa bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba, kuma da gangan aka yi haka, domin ƙarfin fankar ciki iya nan aka auna shi. Mai son iska ta buga masa a gado sai ya ƙara bututun roba, ko ya ɗinka leda, ya ja esin tsakiyar ɗaki. Zafi sai ya taru a ciki, kwampureso ya riƙa yankewa. Esin ne zai matsa kusa da taga, mesar ta zama gajera kuma miƙaƙƙiya, ba lanƙwasa mai kaifi, ba lilo zuwa ƙasa. Idan iskar ba ta kai gado ba, fankar tsaye ta ƙarasa da ita. Ka kuma ɗora hannu a jikin mesar bayan rabin awa da kunnawa, za ka ji ta ɗau zafi sosai; duk wannan cikin ɗaki yake komawa. Naɗe ta da rigar mesa da ake sayarwa, ko soso mai takardar alminiyon irin na masu haɗa esi, yana ragewa. A bar wa injin sarari kamar rabin mita daga bango da labule.

Akwai masu tura mesar cikin silin, ko banɗaki, ko lungun da ke tsakanin ɗakuna. Ƙarƙashin kwano da ma tanda ne da rana, ka ƙara masa wuta, zafin ya sauko maka ta silin ɗin. Banɗaki da lungu kuwa cikin gida ne. Waje ake nufi, inda iska ke kaɗawa.

Abin da ya fi waɗannan duka muhimmanci, mutane kaɗan ne suka lura da shi. Esi mai mesa ɗaya iskar ɗakin yake zuƙa ya fitar, saboda haka dole wata ta shigo ta maye gurbinta. Gwada ka gani: kunna shi, ka riƙe takarda mara nauyi a ƙasan ƙofa, za ka ga tana karkatowa ciki. Ba za ka iya hana wannan ba, sai dai ka zaɓi inda iskar za ta fito. Gara ta zo daga falo ko wani ɗaki mai inuwa da ta zo daga tagar da rana ke duka. Shi ya sa ake toshe taga sosai, a bar 'yar kafa ta ƙofar cikin gida. Mai mesa biyu ba shi da wannan matsala sosai, don ta ɗaya yake jawo iskar waje ya mayar ta ɗayar.

Nan ne janareta ke zama haɗari. An ɗauke wuta da dare, an tada inji a baranda ko gindin taga saboda tsoron ɓarayi, esi na ta zuƙa. Hayaƙin injin na ɗauke da iskar guba mara launi mara wari, wadda kan kashe mutane suna barci. A nisanta janareta aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, bakin salansarsa na kallon wani gefe. Haka murhun gawayi da aka bari a lungu. Idan 'yan ɗaki suka fara ciwon kai, jiri ko tashin zuciya a lokaci ɗaya, a kashe komai, a fita waje, a tafi asibiti.

Sauran ƙanana ne. In an kawo shi a kwance cikin keke napep, a tsayar da shi wasu awoyi kafin a kunna, kamar yadda takardarsa ta ce. Yana jan wat 900 zuwa 1,300 gwargwadon girmansa, don haka ƙaramin janareta ba zai ɗauke shi ba, siririyar wayar ƙari kuma narkewa za ta yi. Ragar tace ƙura a wanke ta duk mako biyu, lokacin ƙura ma duk mako, ta bushe kafin a mayar. Da bazara ba ka cika ganin ruwa ba saboda iska a bushe take, amma daga Yuli zuwa Satumba tankin kan cika, injin ya tsaya da kansa. A buɗe marfin ƙasa a tsiyaye, ko a sa ƙaramin tiyo zuwa bokiti.

Idan kuma naka ba shi da mesa sam, ruwa ake zuba masa, to kula ce ka saya, mai sanyaya iska da ruwa, ba esi ba. Ita a buɗe take son taga.