Yadda ake sa yuriya a gonar shinkafa ba tare da ta salwanta ba

Yana ɓata min rai in ga manomi ya ci bashi ya sayi buhun yuriya, sannan ya watsa ta a saman ruwan fangali da rana tsaka. Kaso mai yawa na naitirojin ɗin da ke cikinta, wato sinadarin da ke ciyar da shuka, wanda shi ne kashi 46 cikin ɗari na buhun, ba zai kai ga saiwa ba.

Da farko ka san gonarka. Ka caka yatsa a laka ka ciro: saman ja-ja ne, siriri ƙwarai, domin iska na shigarsa, ƙasan kuwa toka-toka ne, babu iska. Idan yuriya ta narke a saman, ƙwayoyin halitta irin su Nitrosomonas da Nitrobacter sukan mayar da naitirojin ɗinta wani nau'i da ake kira naitiret. Naitiret ɗin ya gangara ƙasa, wasu ƙwayoyin da ke neman abin numfashi su mayar da shi iska, ya tashi. Wani kason kuma yana fita a matsayin amoniya, musamman idan gansakuka ta rufe ruwan.

Saboda haka, kafin ka zuba taki, rage ruwan har lakar ta fito fili, sai ka toshe mafitarsa.

Sannan ka binne takin. Nan ne aikin yake. Idan ka samu dunƙulen yuriya, wanda cibiyar bunƙasa takin zamani ta duniya, IFDC, ta yaɗa a Bangaladesh kafin ya iso nan, ka dasa shinkafarka a layi. Bayan kamar kwana 7 da dashe, tura dunƙule ɗaya zurfin santimita 7 zuwa 10 a tsakiyar kowane gindi huɗu, ka shafe ramin. A wannan zurfin ƙwayoyin da ke buƙatar iska ba sa aiki, takin zai zauna saiwa ta riƙa tsotsa a hankali. Akwai ciwon baya, gaskiya, amma sau ɗaya ake yi.

Idan yuriyar da ba a dunƙule ba kake da ita, raba ta: wani kaso lokacin da shinkafa ke 'ya'ya, wani lokacin da za ta ɗauki ciki. Ka tattaka ta cikin laka, bayan kwana ɗaya ko biyu ka mayar da ruwa.

Karan shinkafa kuma kada ka ƙone shi. Kife shi cikin ƙasa mako 3 zuwa 4 kafin dashe, domin ƙwayoyin da ke ruɓar da shi sukan riƙe naitirojin na ɗan lokaci, kuma dashe a kan ɗanyen kara yakan sa ganye ya yi rawaya.