Yadda za ka auna kakar guguwa, ka kwatanta ta da ta shekarun baya

Da zarar Nuwamba ya ƙare sai ka ji ana cewa kakar guguwar teku ta bana ta fi ta bara muni, ko kuma ba a taɓa ganin irinta ba. Kowa na iya tantance wannan magana da kansa, domin bayanan a buɗe suke a intanet. Matsalar ita ce alƙaluman da suka fi saurin shiga kunne, wato yawan guguwa da ajinta, su ne suka fi ruɗarwa. Za mu yi misali da Tekun Atlantika saboda kundinsa ya fi na sauran tekuna tsawo da tsari. Kakarsa na farawa ranar 1 ga Yuni ta ƙare 30 ga Nuwamba, ganiyarta kuwa wajen 10 ga Satumba.

Fara da sanin abin da ake ƙirgawa

Ba a raɗa wa guguwa suna sai iskarta ta kai gudun kilomita 63 a awa. Idan ta kai 119 ta zama mahaukaciyar guguwa, daga nan kuma ake ɗora ta a kan ma'aunin Saffir da Simpson: aji na ɗaya 119 zuwa 153, na biyu 154 zuwa 177, na uku 178 zuwa 208, na huɗu 209 zuwa 251, na biyar 252 abin da ya yi sama. Daga aji na uku ake kiranta babba. Matsakaicin da ake aiki da shi yanzu, na shekarun 1991 zuwa 2020, shi ne guguwa 14 masu suna a kaka, 7 daga ciki mahaukata, 3 manya. Riƙe waɗannan lambobi uku, da su za ka auna kowace shekara.

Kafin ka kwatanta guguwar Atlantika da ta wani teku, duba yadda aka auna iskar. Amurka na ɗaukar matsakaicin minti ɗaya, Japan na minti goma, Indiya na minti uku. Awon minti goma kan fito ƙasa da na minti ɗaya da kusan kashi 12 cikin ɗari, don haka guguwa ɗaya tak na iya samun lambobi biyu a rahotanni biyu, kuma babu wanda ya yi ƙarya.

Buɗe kundin, ka koyi karanta layi ɗaya

Cibiyar kula da guguwa ta Amurka da ke Miami ce ke riƙe da kundin da ake kira HURDAT2, wanda ya faro daga 1851. Fayil ne na rubutu zalla. Kowace guguwa tana da layi duk bayan awa shida, da agogon GMT, ɗauke da kwanan wata, lokaci, matsayinta, inda cibiyarta take, gudun iska, da matsin iska a tsakiyarta. Gudun yana cikin mil na teku a awa. Ninka shi da 1.852 ka samu kilomita. Inda ka ga harafin L, lokacin da ta hau tudu ke nan. Inda ka ga -999, babu awo, kada ka sa shi cikin lissafi, domin zai lalata maka matsakaici gaba ɗaya.

Ɗauki Katrina ta 2005. Layin ranar 28 ga Agusta da ƙarfe 18:00 ya nuna iska 150, matsi 902 a ma'aunin miliba: aji na biyar, tana tsakiyar Mashigin Tekun Meksiko. Layin washegari da ƙarfe 11:10, mai harafin L, ya nuna 110 da 920: aji na uku, a gaɓar Louisiana. Saboda haka duk lokacin da aka ce guguwa "aji kaza ce", tambayi: a teku ko a tudu? Matsin kuwa, yadda ya yi ƙasa haka guguwar ta yi ƙarfi. Na yau da kullum a bakin teku 1013 ne. Wilma ta sauka zuwa 882 a Oktoban 2005, mafi ƙasa da aka auna a Atlantika, Tip kuma ta kai 870 a yammacin Pasifik a 1979.

Raba tarihin gida uku

A nan gizo ke saƙa. Kundin ɗaya ne, amma idon da ya gani ba ɗaya ba ne. Kafin 1944 sai guguwa ta ci karo da jirgin ruwa ko ta faɗa wa gari ake sanin da ita, kuma matuƙin jirgi mai hankali guje mata yake yi, ba ya kutsawa tsakiyarta don ya auna. Daga 1944 jiragen sama suka fara shiga cikinta a kai a kai. Daga 1966 tauraron ɗan'adam ya soma kallon tekun baki ɗaya. Shi ya sa 1914 ke da guguwa ɗaya rak a kundi, ba wanda zai rantse cewa ita kaɗai aka yi. Shi ya sa kuma 1933, mai guguwa 20 da aka gano ba tare da jirgin sama ko tauraro ba, ta cancanci a yi mata kallon tsoro fiye da yadda lambar ta nuna.

Abin yi a aikace: idan yawan guguwa kake kwatantawa, kada ka koma baya da 1966. Idan dole sai ka kai ƙarni na 19, to taƙaita kan waɗanda suka hau tudu a gaɓar da mutane ke zaune tun lokacin. Ka kuma ware ƙananan guguwa da ba su wuce kwana biyu ba, domin na'urorin yanzu na kama su, na da kuwa ba sa gani, sai su kumbura ƙidayar shekarun baya-bayan nan. A tuna har wa yau cewa ana gyara kundin. Andrew ta 1992 ta shekara goma a aji na huɗu kafin a mayar da ita na biyar a 2002, Michael ta 2018 ma sai bayan watanni aka ɗaga ta. Tsohon littafi na iya saɓa wa fayil ɗin yau.

Lissafa ƙarfin kaka da hannunka

Ƙidaya na daidaita guguwar da ta yi wuni ɗaya ta mutu da wadda ta yi mako biyu tana ɓarna. Maganin wannan shi ne ma'aunin da masana ke kira ACE, jimillar ƙarfin kaka. Ɗauki kowane layin awa shida da iskarsa ta kai mizanin raɗa suna, ninka gudun da kansa a mil na teku, tara duka, raba da 10,000. Layukan L da suka faɗo tsakanin awowin ba sa shiga.

Guguwa mai gudun 50 na tsawon wuni guda: 50 sau 50 ya ba da 2,500, sau huɗu 10,000, maki 1 ke nan. Mai gudun 100 a wuni guda: maki 4. Gwada wannan a kan shahararrun shekaru biyu. 2020 ta yi guguwa 30 masu suna, 2005 ta yi 28, amma makin 2020 wajen 180 ne, na 2005 kuwa ya haura 240, domin a shekarar ce aka samu huɗu a aji na biyar: Emily, Katrina, Rita da Wilma.

Shi ma wannan ma'auni yana da makanta. Bai san faɗin guguwa ba, bai san ruwan sama ba, bai damu da ko ta taɓa ƙasa ba. 1992 kaka ce mai rauni a kowane lissafi, amma ita ta haifi Andrew da ta ɗaiɗaita kudancin Florida ranar 24 ga Agusta.

Bi sawun ruwa

Aji awon iska ne kawai; tun 2010 aka cire tunkuɗowar teku, wato ruwan tekun da iska ke turowa kan tudu, daga cikin ma'aunin saboda yana yaudarar jama'a. Nazarin mace-macen da guguwa ta haddasa kai tsaye a Amurka daga 1963 zuwa 2012 ya nuna kusan rabi tunkuɗowar teku ce ta kashe su, sama da kashi ɗaya cikin huɗu ambaliyar ruwan sama, iska kuwa ba ta kai kashi goma cikin ɗari ba. Don haka ga kowace guguwar da kake nazari, nemi abu huɗu da aji ba ya faɗa.

Na farko faɗinta. Guguwa mai faɗi na tura ruwa mai yawa na dogon lokaci. Sandy ta 2012 ta ma fita daga sahun mahaukatan guguwa a hukumance kafin ta hau New Jersey, amma iskarta ta mamaye fiye da kilomita 1,500, ruwan teku ya cika ramukan jirgin ƙasa na New York.

Na biyu yanayin gaɓar. Inda teku ba zurfi kusa da tudu, ruwan da iska ta turo ba shi da wurin komawa sai ya hau ƙasa. Birnin Galveston na kan tsibirin da tudunsa mafi tsayi bai kai mita uku ba. Ranar 8 ga Satumba 1900 teku ya taso sama da mita huɗu da rabi, mutum tsakanin 6,000 da 12,000 suka halaka. Mashigin Bengal ya fi ko'ina wannan illa: ga rashin zurfi, ga siffar mazurari, ga cunkoson jama'a a ƙasa mai kwari. Guguwar Bhola ta Nuwamban 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000 a Gabashin Pakistan, Bangladash ta yau. Idan kana duba taswira, lura da ɓangaren dama na hanyar guguwa a arewacin duniya, nan iska ke tura ruwa zuwa tudu. Gaɓar Mississippi na daman Katrina, ruwa ya kai kusan mita takwas da rabi a can. New Orleans kuwa katangun tare ruwa ne suka ɓalle, kusan kashi 80 cikin ɗari na birnin ya nutse.

Na uku saurin tafiyarta, wanda za ka iya fitarwa daga tazarar layuka biyu. Mai jan ƙafa ita ce mai zubar da ruwa. Harvey ta yi kwanaki tana dabaibayi a Texas a 2017, wani wuri ya samu ruwa sama da milimita 1,500. Na huɗu duwatsu: Mitch ta 1998 ta riga ta yi laushi kafin ta shiga Honduras, amma ruwan da ta juye a kan tsaunuka ya jawo zaftarewar ƙasa, mutum sama da 11,000 suka mutu a Amurka ta Tsakiya.

Alƙaluman rayuka da na kuɗi

Kada ka kwafi adadin mamata sai ka san ranar da aka fitar da shi da abin da ya ƙunsa. Akwai wanda ruwa ko gini ya kashe nan take, akwai wanda ya mutu bayan makonni saboda asibiti ba wuta ko magani ya yanke. Bayan Maria ta 2017 gwamnatin Puerto Rico ta daɗe tana cewa 64, sai a 2018 ta karɓi 2,975, wanda aka samu ta hanyar kwatanta mace-macen watannin da na shekarun da ba guguwa. Na Katrina kuwa ƙasa ya yi, daga 1,833 zuwa 1,392 a bitar 2023. Na tsofaffin guguwa duk kiyasi ne: ta Oktoban 1780 da ta ratsa Barbados da Martinique ana sa ta wajen 22,000, sai a rubuta "kimanin". Yawan mamata ma ya fi nuna shirin ƙasa fiye da ƙarfin iska. Sidr ta 2007 babbar guguwa ce, amma da yake Bangladash ta gina mafaka ta kuma kafa tsarin gargaɗi, mamatan ba su kai ko kusa da na 1970 ba.

Kuɗi na buƙatar gyara uku: hauhawar farashi, ƙaruwar jama'a a wurin, da ƙaruwar dukiyar kowane gida. Mafi yawan jerin "guguwa mafi tsada" na farko kaɗai suke yi, shi ya sa na bayan nan ke cika sama. Guguwar Miami ta 1926 ta yi ɓarnar wajen dala miliyan 100 a lokacin, Katrina da Harvey kowace biliyan 125. Amma idan aka tambaya me ta 1926 za ta yi wa Miami ta yau, sai ta koma sahun gaba.

Me ya sa wata shekara zafi, wata sanyi

Guguwa na son ruwan teku mai ɗumin digiri 26.5 ko fiye har zurfin wajen mita 50, da iska mai laima, da rashin saɓani tsakanin iskar sama da ta ƙasa. Yawancin manyan na Atlantika daga tarin hadarin da ke fita daga Afirka ta Yamma suke tasowa, su bi ta tsibiran Cape Verde. Rubuta a gefen kowace shekara ko ta El Niño ce, wato lokacin da ruwan tsakiya da gabashin Tekun Pasifik ya yi ɗumi fiye da yadda aka saba, ko ta La Niña, lokacin da ya yi sanyi. Ta farko na ƙara saɓanin iska a Atlantika ta sare kan guguwa, kamar 1983 da 1997. Ta biyu na sake musu mara, kamar 2010 da 2020. Dokar ba ta hana keta: 2023 shekarar El Niño ce, amma zafin teku ya rinjaya har aka samu guguwa 20. Ka kuma lura cewa daga farkon shekarun 1970 zuwa 1994 tekun ya yi lafawa, daga 1995 ya farka. Wanda ya fara zanensa daga 1980 zai ga hawa mai tsauri, wanda ya fara daga 1950 zai ga kwari a tsakiya.

Sunaye ma sai da kula. Jeri shida ne, kowane da suna 21, suna zagayowa duk shekara shida, don haka rubuta suna tare da shekara kullum. Ana yi wa sunan guguwa mai ɓarna ritaya, amma ƙasar da abin ya shafa ce ke nema, ba ma'auni ba ne. Gordon ta 1994 ta kashe sama da mutum dubu a Haiti, sunan yana nan cikin jeri. Allison ta 2001 ba ta taɓa kai kilomita 119 ba, amma ambaliyar da ta yi a Houston ta sa aka cire nata.