Ku tashi da asuba, ku samu wurin ɗaure jirgi

Jama'a, masu shirin kai ƙananan jiragensu masu tafiya da iska tsibiran Girka a Yuli da Agusta, ku riƙa ɗaga anka, wato ƙarfen da ke riƙe jirgi wuri ɗaya a ruwa, da asuba.

Iskar arewa da suke kira meltemi ta fi ƙarfi da rana, takan lafa cikin dare. In ka bar tsibirin Paros da ƙarfe 5, kafin azahar ka riga ka ɗaure a tsibirin Naksos, ba ka sha dukan igiyar ruwa ba.

Ga kuma batun aljihu. Tashar gari ba ta da tsada, amma wajen la'asar jiragen haya sun cika ta maƙil. Bara na yi nawa, na ƙare a tashar 'yan kasuwa mai zaman kanta, kuɗin kwana ɗaya sai da na yi salati.

In ka riga kowa, tsaya ka karɓi igiyar mai shigowa. Da haka ake sabo. Wani dattijo Bajamushe da na taimaka wa, da yamma ya aiko mini da tumatir da zaitun.

Amma fa wani lokaci meltemi takan yi kwana 3 ko 4 ba ta lafa ba, dare da rana. Ranar nan sammako ba ya fisshe ka, ƙara igiya ka zauna.