Shawara ga maigidan da jarinsa ya karye

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda karayar jari ta same shi, kamar waɗanda gobarar babbar kasuwar Sakkwato ta shafa a Janairun 2021, shawarata ita ce ya ajiye dogon shiri na shekara guda, ya koma tsara aikinsa mako biyu-biyu, domin wanda ya yi asara ba shi da kuɗin da zai jira wata shida kafin ya gane hanyarsa ba ta ɓulle ba. Masu haɗa manhajar kwamfuta ne suka yaɗa irin wannan tsari bayan taron da mutum 17 suka yi a jihar Yuta ta Amurka a 2001, amma ya dace da tela da baduku.

Kowace safiya ku tsaya da yaran shago na minti 15, kowa ya faɗi abin da ya gama jiya da abin da ya tare masa hanya. Idan almajirinka ya ɓata fata wajen yanka, kada ka karɓe wuƙar. Ka tambaye shi inda yake ganin hannunsa ya goce, ka bar shi ya sake a gabanka. Bayan mako biyu ku zauna, ku bar abin da bai kawo ciniki ba.